Dunƙulen Bidi

A ƙauyenmu, gabas da Mirriya, ba a yin tatsuniya a gidanmu da hannu sake. Da an idar da sallar magariba Kaka takan jawo ƙwarya kusa da murhu, mu jikokinta mu kewaye ta, ta raba mana aiki kafin ta buɗe baki. Aikin kuwa shi ne dunƙulen Bidi, tsohon dokin da kakanmu ya mutu ya bari.

Dusar gero take zubawa, ta haɗa da garin ƙuli-ƙuli da na ɗorawa, ta jiƙa jar kanwa kaɗan ta yayyafa. Sai ta kwaɓa, mu kuma mu mulmula kamar ƙwan zabo mu jera a faifai, zafin wuta ya busar da su. In ka saka ɗaya a baki tana gani, ba ta hana ka, sai dai ta ce, "Gobe kai za a ɗaura wa sirdi." Bidi yana turke bayan danga, yana jin ƙamshin, yana ta haƙar ƙasa da kofato.

Akwai tatsuniya guda da muka fi roƙonta. Takan fara da cewa, "To, ga wata nan tafe, ku ba ta wurin zama." Labarin wata tsohuwa ne da dokinta ya faɗa busasshiyar rijiya, a lokacin da mazan gari duk sun tafi cirani. Ta ja igiya har tafinta ya saɓule, doki bai motsa ba. Sai ta koma gida ta yi masa dunƙule, kullum ta zo ta zura masa a guga, ta zauna bakin rijiyar tana ba shi labarin gari. Dokin yakan ce mata, "Tafi gida, ba za ki iya ba." Ita kuma ta ce, "Na san ba zan iya ba. Ci dai." A ƙarshe ayarin masu gishiri ya biyo ta wurin, suka haɗa raƙuma suka fito da shi. Nan muke tafi da ihu.

Sai aka yi wata shekara ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Kafin bazara rumbunmu ya koma amsa kuwwa. Dusar da ake ba dabba ta zama abin da ake dama mana kunu da ita. Babanmu ya ja Bidi zuwa kasuwar Mirriya, ya dawo da shi da yamma, don babu wanda ya ko taya dokin da ake ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa.

Kaka ba ta daina dunƙule ba, sai dai ya ƙanƙance, ya koma kamar ƴaƴan magarya. Ƙuli-ƙuli ya fita daga ciki, ɗorawa ma ta fita. Wata rana Baba ya tsaya a kanta ya ce, "Inna, na lura. Rabonki na kunu ne kike busarwa kina ba shi."

"Nawa ne ai, ba na yara ba," in ji ta, ba ta ɗaga kai ba.

"In kika kwanta fa?"

Ta ci gaba da mulmulawa. Shi kuma ya juya ya fita, don ba shi da abin da zai ba ta, ba shi da abin da zai ba dokin.

Ranar da Bidi ya kwanta ya kasa tashi, maƙwabta suka zo da itatuwa suka cusa ƙarƙashin cikinsa, suka ɗaga. Da sun saki sai ƙafafunsa su lanƙwashe. Aka yi maganar likitan dabbobi a Damagaram, wani dattijo ya ce yunwa ba ta jin allura. Kaka ta durƙusa ta kai masa dunƙule baki. Ya shinshina, ya lashi gishirin tafinta, ya mayar da kai ƙasa.

Da magariba ta hura wuta kamar kullum, ƙwaryar babu komai ciki. Ƙanwata Rabi ta roƙi tatsuniyar rijiya. Kaka ta fara, muryarta ƙasa-ƙasa, har ta kai inda tsohuwa take zaune tana zura guga. Daga nan ta yi shiru.

"Kaka, masu gishiri fa?" in ji Rabi.

"Ba su biyo ta nan ba bana, ƴata."

Ta tashi ta ɗauki tabarmarta ta zagaya bayan danga. Muna jiyo ta tana yi wa Bidi magana, tana gaya masa wanda ya haihu da wanda ya tafi Kano. Da safe maza suka ja gawarsa zuwa bayan gari.

Na daɗe ina jin haushin yadda ta yanke mana labarin. A ganina na yarinya, tunda bakinta ne, me zai hana ta kawo raƙuman?

Sai bara na bar jin haushin, da mai gidana ya kwanta ciwon da likitoci suka ce mu koma da shi gida. Kullum nakan dama masa kunun gyaɗa, in tace shi sosai, in zauna gefen gadonsa da cokali. Yakan kurɓi ɗaya ya kau da kai. Ƴarmu ta fari, wadda ke aikin jinya a cikin birni, ta ce da ni, "Mama, kin san ba zai sha ba, me ya sa kike wahalar da kanki?" Ban taɓa zaton kunun zai tashe shi ba. Hannuna ne kawai bai san yadda zai zo wurinsa babu komai ba. Washegari na sake dama wani.