Kwano Mai Ɗigo Uku

Hajiya Zubaidatu jikar hakimi ce. A cikin Birnin Zariya aka haife ta, aure ya kawo ta Samaru, ta koyar a firamare shekara talatin. Tun tana yarinya take zama wajen kakanninta tana jin wa ya haifi wa, wane gida ya tashi ya koma ina. Da ta ajiye aiki, sai mutane suka riƙa kawo mata tambayoyin da masu amsa su sun daɗe da rasuwa.

Wata Laraba Bibiana, mai shagon atamfa a unguwar PZ, ta zo mata da wani tsohon kwano.

"Mama, na mahaifiyata ne, sunanta Ify. A rikicin shekarar sittin da shida wata mata ta ɓoye ta kwana tara a Sabon Gari. Ranar da za ta shiga jirgin ƙasa ta gudu gida, matar ta zuba mata dambu a ciki. Har ta rasu ba ta san sunanta ba, Amarya kawai take ce mata."

Hajiya ta kife kwanon. A gindinsa akwai ɗigo uku na jan fenti.

"'Yata, da can kowace mace da shaidar kwanukanta, don kada su ɓace a gidan biki. Ki ba ni lokaci."

Wata biyu tana bin gidajen suna da na gaisuwa, ga ciwon gwiwa, tana tambayar tsofaffi. Aka tura ta Palladan, ta dawo ba labari. Sai wata tsohuwa mai ƙosai ta tuna cewa matan ma'aikatan reluwe ne ke sa jan fenti, mazansu ke kawo musu ragowa. A layinsu amare biyu aka kai a shekarar, ɗaya ce ke da rai, Inna Hajara.

Hajiya ta ɗauki Bibiana suka je Unguwar Gabas. Suka sami Inna Hajara a kan tabarma, idonta ya tafi. Bayan gaisuwa Hajiya ta ce, "Inna, kin taɓa sanin wata Ify?"

Tsohuwar ta ɗago kai ta ce, "Ta isa gida?"

Bibiana ta durƙusa. "Ta isa, Inna. Ta haifi shida, ni ce auta."

"Alhamdu lillahi. Kullum sai na tambayi kaina." Ta miƙo hannu tana shafa fuskar Bibiana. "Matso, jikata. Kin ci abinci kuwa?"

Hajiya ta fita tsakar gida ta ba su wuri, tana share ido da gefen mayafi.