'Yar Gida a Mitchellville

Lokacin da nake sabuwa a gidan rediyo a Washington, akwai wani Alhaji ɗan ƙasarmu da muke yawan gayyata in an taso da zancen haƙƙin ma'aikata 'yan ci-rani. Allah ya ba shi baki. In ya fara bayanin wahalar da matanmu ke sha a gidajen mutane a ƙasashen waje, sai muryarsa ta kama rawa, mu ma mu yi jugum a situdiyo.

Ranar sunan jikansa ya gayyace mu gidansa a Mitchellville. Na leƙa kicin neman ruwa, na tarar da wata mata tana tuƙa tuwo, zufa har wuya. Muna gaisawa na gane Hausar Kumasi ce. Na tambaye ta ko tana zuwa masallacin da 'yan Ghana ke taruwa.

"Anti, ban san hanya ba," in ji ta. "Tun da na zo ban taka titi ba. Ni ke jinyar tsohuwar Alhaji, ni ke girki, ni ke wanki."

"Ranar hutunki fa?"

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

Na samu Alhaji a falo, na rage murya na ce, "Ranka ya daɗe, baiwar Allahn nan ta kicin ba ta samun hutu ne?"

Ya yi murmushin manya. "Ai ba ma'aikaciya ba ce, 'yar gida ce. Wa ke ba 'yar gida hutu?"

Matarsa Hajiya ta ƙara da cewa fasfo ɗinta ma su ke adana mata, don kada ya ɓace. Gaskiya ne, tsakanin kicin da ɗakin wanki hanya ce mai yawan ɓarayi.

Na kai maganar wajen wata dattijuwa 'yar Accra mai aikin jinyar tsofaffi. Ta ce, "To."

Ranar Sallah ta cika mota da matan masallacinsu, har da wata lauya mai taimakon ma'aikatan gida, suka je yi wa Alhaji barka da Sallah. Suka gaishe shi da ladabi, suka zauna, suka ci nama, suka ƙi tashi. Da lauyar ta faɗi abin da doka ta ce game da riƙe fasfon wani, sai Hajiya ta tuna inda ta ajiye shi. Matar nan ta kicin ta fito da kayanta a leda ta bi su.

Washegari Alhaji ya kira ni yana kukan yadda Amurka ke lalata tarbiyya.

Yanzu matar tana jinyar wata tsohuwa a Upper Marlboro, Juma'a kuma tata ce. Hajiya kuwa ta gwada aikin da kanta, bayanta ya ƙi. Dole ta ɗauko mai aiki daga kamfani, wadda da lokacinta ya cika take ɗaukar jaka, ko miya ta nuna ko ba ta nuna ba.