San Kurawa a Zauren Taro

Jama'a, yau na ga sa ya halarci taron al'adu, har tafi anka yi mishi!

Kun san tsohuwar kwata, inda mahauta ke yanka tun zamanin kakanninmu? An shafe ta da fenti, an zuba kujeru, wai ta zama zauren taro da al'adu. Ƙarfen ɗaure shanu ma sun bar shi tsakiya, wai tarihi ne.

Muna zaune babban baƙo na ta jawabi, sai ga wani dattijo daga Kurawa janye da bajimi. Shekara biyu shina Nijar, bai da labari. Ya ɗaure sa ga ƙarfen nan, ya ce, "Ina Sarkin Fawa? Gobe bukin ɗana."

Mai gabatarwa ya yi wuf: "Jama'a, ga kyauta ga babban baƙonmu!"

Wuri ya ɗau tafi! Baƙo ya dafa ƙirji, har ya aika direba neman mota.

Dattijo ya ce, "Kyautar mi? Yanka za ni yi!"

Sai sa ya saki fitsari. Magudanar jini kuwa an liƙe ta da siminti, abu ya bi ƙarƙashin takalman manya!

Dattijo ya kwance abinshi. "To ina aka yanka yanzu?"

Anka ce kwamiti na dubawa.

Ya dubi baƙo, ya ce, "Alhaji, da can in sa ya shigo nan, gari duka ka cin nama. Yanzu kai ɗai za ka tafi da shi, da ranshi?"