Sunan Surukin Kaka

A shekarata ta biyu a Setapak, can ƙasar Malesiya, karatu ya tsaya mini a maƙogwaro. In na zauna a ɗaki na kasa natsuwa, in na fita zafi ya koro ni. Mafakata ita ce shagon wani dattijo ɗan asalin Sin da ke buga mana takardu a ƙasan benenmu.

Wata rana na tarar ya baje wani tsohon littafi gaban fanka, danshi ya fara cin gefensa. Ya ce littafin zuriyarsu ne. Ya ɗora yatsa kan sunan farko, kakansu na can can baya, wanda ya ci jarrabawar fada aka ba shi riƙon gunduma. Mutumin ya rubuta wa sarki cewa a daina kwasar manoma aikin tilas lokacin shuka, sai aka kore shi kudu, inda ya ƙare rayuwarsa yana rubuta waƙoƙi da wasiƙu ga 'ya'yansa. Daga kansa sunaye suka gangaro shafi bayan shafi, har zuwa kan dattijon.

Ni da bakina ba ya shiru, na ce ai mu ma muna da irinsa. Mahaifin kakana magatakardan hakimi ne, ya yi rubuce-rubuce da ajami, ya ajiye aiki don ya ƙi rubuta ƙarya. Dattijon ya ji daɗi, ya miƙo mini biro ya ce in rubuta masa sunan.

Na riƙe biro kamar wawa. Malam Babba muke cewa, kuma wannan ba suna ba ne.

Abin ya hana ni sakat. A cikin jirgin ƙasa, a bakin masallaci, ko'ina bugun waya nake. Baffana ya ce shi ma Malam Babba ya tashi ya ji. Kakana da sunan garinmu aka san shi, ba da na mahaifinsa ba. Takardun kuwa gara ta gama da su. Takwara ɗaya aka yi wa Malam Babba, ya koma tun yana zanen goyo, shi ma Baba ake ce masa. Ladabi ya sa gida guda mun haɗu mun ɓatar da mutum.

Saura Kaka, matar kakana, wadda ta zauna da shi gida ɗaya. Ƙanwata ta kai mata waya.

"Maigidan ƙarya," in ji ta, "Sin ɗin ce ta koya maka rashin kunya? Ni in faɗi sunan surukina?"

Na gaya mata Malesiya nake, ta ce duk ɗaya. Na roƙa, na yi wasa, daga baya na yi fushi na gaske na kashe wayar, abin da har yau yake damuna.

Bayan sati biyu ita ta sa aka kira ni. Na ji tana korar kowa daga ɗakin, har ƙanwar tawa. Na jawo takarda da biro. Na yi ta jiran sunan, har na duba ko layin ya yanke.

"Ɗan nan, wallahi na neme shi," ta ce a hankali. "Tun da aka kawo ni gidan nan nake danne shi kar ya suɓuce mini. Yanzu na duba, babu."

Ta ce in yafe mata. Ni ta ce in yafe mata.