Arzika Wanzami da Shingen Tsafe

Duk wanda ya tashi a Rawayya ya san Baba Arzika wanzami. Da wuya a sami kan namijin da askarsa ba ta bi ba, tun daga jinjirin ranar suna har dattijon da furfura ta gama da shi. Siriri ne, ba shi da yawan magana, kuma tun yana saurayi ba a taɓa jin ya ja da hukuma ba. Ranar kasuwar Bungudu yakan rataya zabirarsa ya hau keke, ya shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaro, sai la'asar sakaliya ya juyo gida.

A gidan kuwa matarsa Juwairiyya ce mai bakin. Ita ke hira, shi ke gyaɗa kai, haka suka tsufa tare. 'Ya'ya biyu suka rayu musu: Lukuman, mai gyaran babur a Damba cikin Gusau, da Rabi'a, wadda ke aure a wani ƙauyen ƙasar Katsina, gaba da Tsafe.

Shekarar da korona ta shigo, ana saura kaɗan azumi, Rabi'a ta haihu. Juwairiyya ta ɗaure kayanta ta tafi yi mata wankan jego.

"Da an yi arba'in zan dawo, Malam," in ji ta a bakin ƙofa. "Ga gari nan na niƙa maka. Kar ka zauna da yunwa don kunya."

Ba ta jima da tafiya ba rediyo ta ce an rufe iyakokin jiha. An hana taro, an hana musabaha, an ce kowa ya zauna inda yake. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai ciwon masu hawa jirgi ne, me zai kawo shi Rawayya? Arzika bai yi dariya ba. Ya duba sana'arsa, ya ga ai numfashinsa a kan fuskar mutane yake wuni, sai ya rataye zabira a ƙusa. Ya ji an ce za a raba abinci ga waɗanda suka zauna gida. Wataƙila an raba, shi dai bai gani ba. Da garin tuwon ya ƙare ya koma fura, yana shan ruwa shi kaɗai a tsakar gida, rediyo na gefensa.

Tsakiyar azumi maƙwabcinsa Dalhatu ya shigo da waya a hannu. Mijin Rabi'a ne ya bugo. Ya ce Inna Juwairiyya na kwance, zazzaɓi da tari, numfashi sama-sama, tana ta kiran sunan Malam.

Washegari Arzika ya isa Gusau, Lukuman ya goya shi a babur. Suka wuce Tsafe, suka tarar da shinge a kan iyaka. Arzika ya sauka ya cire hula, ya yi wa jami'in da ke tsaye bayani.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji jami'in. "Umarni ne daga sama. Ka koma gida, ba da daɗewa ba za a buɗe."

Suna tsaye wata mota mai baƙin gilashi ta iso, aka ɗaga mata sanda ta wuce. Can gefe kuma 'yan acaɓa na ɗibar mutane suna sulalewa ta cikin gonaki.

"Baba, mu bi ta can," in ji Lukuman ƙasa-ƙasa. "Kowa can yake bi."

Arzika ya daɗe yana kallon hanyar. Sannan ya ce, "An ce kar a ƙetare. Mun ratso Gusau, mun ratso Tsafe. In mun kwaso cutar mun kai musu fa? Ga jinjiri a ɗaki."

Suka juyo. Kafin mako ya zagayo Juwairiyya ta cika, aka binne ta a can. Ba wanda ya gwada ta. Wasu suka ce korona ce, wasu suka ce tsohon ciwon ƙirjinta ne ya tashi. Masu ta'aziyya suka riƙa tsayawa daga bakin zaure, su yi addu'a a tsaitsaye su wuce.

Sai da damina ta yi nisa aka buɗe hanya. Ya je ƙauyen, surukinsa ya kai shi maƙabarta, amma ruwa ya baje ƙasa, ciyawa ta rufe ko'ina. Surukin ya nuna wani kabari, ya sake nuna na kusa da shi, ya sunkuyar da kai. Arzika ya ɗaga hannu ya yi wa duka biyun addu'a.

Yanzu ya koma aski. Lukuman ya yi juyin duniya uban ya koma Damba wurinsa da zama, Arzika ya ce a'a. Ya koyi tuƙa tuwo, ko da yake har yau da gudaji yake fita.

Kwanan baya a kasuwar Bungudu gardamar korona ta sake tashi a tabarmarsa. Malam Shehu, tsohon malamin firamare, ya ce gwamnati ta yi ƙoƙari, da ba a rufe da wuri ba da gawa ta yi yawa. Bello mai nama ya ce ƙarya ce, babu wata cuta, an dai hana talaka neman abinci. Da suka gaji suka juyo kansa.

"Baba Arzika, kai mi ka gani?"

Ya goge askar a tafin hannunsa.

"Cuta dai akwai ta," ya ce. "Rufewar ma ban ce laifi ba ce. Amma wanda ya rufe ƙofa, ai ya kamata ya leƙo ya ga yadda na ciki suka kwana. Kuma dokar tasu mai jin magana kaɗai ta kama."

"To da ka sani, da ka bi ta gona?" in ji Bello.

Arzika ya jiƙa hannu a ƙoƙo, ya shafa kan Malam Shehu, ya ce masa ya ɗan sunkuya.