Ɗigon Jinin da Kawu Ya Duba

Jiya a asibitin Korgom aka shafa wa jikata alkol a yatsa za a gwada jininta. Warin nan mai shiga hanci ya tuna mini da kawuna, likita mai binciken cututtuka. Kullum yakan ce, "Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba."

A shekarar fari, zamanin soja, ɗana ya kwanta. Muka yi ta ba shi nibakin, maganin masassarar sauro, zafin ya ƙi sauka. Kawu ya iso, ya zauna gindin gawo da madubinsa na duba jini, ya daɗe bai ɗago kai ba.

Na ce, "Kawu, zai tashi?"

Ya ce, "Ɗiyata, wannan ba masassarar sauro ba ce. Ƙwayar cuta ce daga ruwan lakar da kuke sha. Mu canja magani."

Yaron ya tashi, har ya yi iyali. Binciken da Kawu ya yi kan yaranmu kuwa, da shi ake koyar da likitoci har Yamai.

Allah ya sanyaya makwancinsa, ya sa ilminsa ya zame masa haske.