Ranar Da Aka Ba Ƙanena Riƙon Wutar Layya

Na yi Sallar Layya da yawa a Malanville, amma akwai guda ɗaya da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, amma duk lokacin da na tuna ta sai in ji ɓacin ran ya dawo mini sabo. Kuma ba da ƙanena nake fushi ba, duk da shi ne ya zubar mana da nama a ƙasa. Da masu lafiyar gidanmu nake.

Ƙanen nan nawa tsohon soja ne. Yana cikin waɗanda aka tura dajin da ke yamma da mu lokacin da 'yan bindiga suka fara addabar yankin. Ya dawo yana ɗingishi, aka sallame shi daga aiki, aka ce ya je gida ya huta. Ƙafa dai ta warke, amma wanda ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba. Mutumin da in ya shigo rumfata ta albasa a kasuwa sai ya sa kowa dariya, ya koma magana ma wahala take ba shi. Ba ya zama sai bayansa na jingine da bango, idonsa na kan ƙofa. In babur ya yi ƙara a titi sai ka ga ya zabura. Matarsa ta gaya mini barci ba ya ɗaukarsa, kuma in za su wuce wajen masu gasa nama sai ya sake hanya, komai nisan zagayen.

Gidanmu kuwa kowa likita ne. Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda ya zama babba tun rasuwar tsohon, ya ce iskar daji ce ta biyo shi. Gwaggo ta rantse sammu abokan aikinsa suka yi masa. Maƙwabta suka ce ƙwaya yake sha, alhali ko goro bai cika ci ba. Aka yi ta ɗura masa jiƙo. Wata rana aka lulluɓe shi da bargo aka tura masa kaskon hayaki, ya yi wurgi da bargon ya fito yana haki, sai suka hau murna wai aljanin ya fara jin jiki. Ni ban ƙi rubutu ba, ni ma ina sha. Cewa kawai na yi a haɗa da asibiti. Baffa ya ce mutanen asibiti ƙafa suka sani, kuma sun gama nasu.

Ga wanda bai san Sallarmu ba, mu ba ma yanyanka rago mu soye a tukunya ranar farko. Feɗe shi ake yi, a buɗe shi, a baje shi a kan sanduna biyu da aka gicciye, sannan a jera ragunan gida a tsaye kewaye da babbar wuta a ƙofar gida, su yi ta gasuwa har yamma. Riƙon wutar nan girma ne. Mai riƙonta shi ke ƙara itace, shi ke juya raguna, shi ake gaisarwa in an zo wucewa. Mahaifinmu ne ke riƙe ta, bayansa Baffa ya karɓa. A wannan shekarar sai Baffa ya tashi da sabuwar dabara, wai ƙanena zai ba, don a nuna wa unguwa cewa lafiyarsa lau.

Na same shi bayan an sauko daga idi, na rusuna na ce, "Baffa, don Allah a ɗauke mishi wanga aiki. Matatai ta ce ko ƙaurin nama bai so."

Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Soji na fa, ɗiyata. Wanda yag ga yaƙi, rago ka ba shi tsoro? Zaman banza ad damuwatai. Ki koma wajen tukunyarki."

Na koma wajen tukunyata ina cizon yatsa. Shi kuma ƙanena, da Baffa ya miƙa masa sandar gyara wuta a gaban maza, bai iya cewa a'a ba. Wa zai ce ba ya so a gaban dattawa, an yi masa girma?

Da farko abin ya tafi daidai. Ina leƙowa daga zaure ina ganinsa tsaye, yana juya fuska gefe. Sai wuta ta kama sosai, kitse ya fara ɗiga yana ƙara a kan garwashi, hayaki mai ƙauri ya turnuƙe ƙofar gida. Na ga sandar ta suɓuce daga hannunsa. Ya ƙafe wuri ɗaya, gumi na zuba, idonsa a kan ragunan nan da ke tsaye hannuwa a buɗe. Ban gama aje ludayi ba na ji muryarsa, wata irin murya da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Ku hiddo su! Akwai mutane ciki!"

Ya faɗa wa wutar da hannu tsirara. Ya fizgo rago na farko ya ja shi cikin ƙasa, ya koma ya fizgo na biyu, yana ture itace mai ci da tafin hannunsa, yana kiran sunayen wasu maza da ba mu sani ba. Sai da ya rusa jerin gaba ɗaya, sannan ya durƙusa kan rago guda yana watsa masa ƙasa, yana cewa ya yi haƙuri, ya yi haƙuri.

To, ga abin da har yau yake ci mini rai. Mazan da ke wurin, wajen nama suka fara rugawa. Wallahi da idona na ga ana kakkaɓe cinyar rago ana hura mata iska, ga mutum durƙushe fatar hannunsa ta saɓule. Wasu samari kuma suka ciro waya suna ɗauka. Ni da matarsa muka kama shi muka shigar da shi zaure, na tsoma hannuwansa a kwanon ruwa. Daga waje ina jin Baffa yana ba da umarni a samo igiya a nemo mota. Akwai wani mai magani a wani ƙauye gaba da Guéné, inda ake sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa a ɗaure su a gindin itace. Na taɓa zuwa duba wata a can, na san abin da na gani.

A lokacin ya dawo hayyacinsa. Na ce, "Ƙanena, mi ka gani cikin wutar?"

Ya kalli ruwan. Sannan ya ce, "Yaya, motarmu ta taka nakiya. Ni ta jeho ni waje. Su suna ciki, ƙohwa ta ƙi buɗuwa. Ina jin su, kuma ina jin ƙaurin." Ya ƙara da cewa, "Tun da na dawo ba wanda yat tambaye ni."

Maganar nan ta sa ni kuka, ta kuma sa ni fushi irin wanda ban taɓa yi ba. An tambayi malamai, an tambayi masu duba, an tambayi matarsa ko ita ta yi masa wani abu. Shi da abin ke jikinsa, yana zaune a tsakar gida kullum, ba wanda ya ga ya isa a tambaya. Can wajen aikin ma, ya ce, ƙafar suka ɗinke suka ce masa ya zama namiji.

Baffa ya shigo da igiya a hannu, samari biyu na bayansa. Na miƙe na tare ƙofar zaure. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma ban matsa ba.

Na ce, "Baffa, ku dibi hannunai. Asibiti za mu. In kuwa ɗauri za a yi, a hwara da ni."

Ya ce, "Ke kin hi mu sonai?"

Na ce, "Ban hi ku ba. Amma ni na ji abin da yas same shi, ku ba ku ji ba."

Ya dubi hannuwan nan da suka kumbura, ya dubi jama'ar da ta cika ƙofa, ya ja tsaki ya ce in an gama da ƙunar sai a yi maganar. Motar da aka nemo don ƙauye, ita ta kai mu asibiti.

Ma'aikacin da ya wanke ƙunar ya saurari labarin, ya ce ciwo ne sananne ga waɗanda suka ga tashin hankali, kuma yana da magani, sai dai mai duba irinsa babu shi a nan, sai Parakou. Wannan ma wani abin haushin ne. Mu ne a bakin daji, 'ya'yanmu ake turawa, amma mai sauraren su sai an wuni a mota kafin a gan shi. Ban bari ya kwana a babban gida ba, a nawa gidan ya zauna har hannun ya yi dama, sannan muka kama hanya ni da shi da matarsa. Mun yi ta zirga-zirga, wani zuwan a ce likitan ba ya nan, mu juyo. Amma a hankali barci ya fara dawo masa, magana ta fara dawowa.

Ba zan ce ya warke sarai ba. Yana noman shinkafa yanzu wajen Madécali, kuma duk ranar Layya in an sauko idi can yake wucewa, sai wuta ta mutu yake dawowa. Baffa kuwa har gobe yana gaya wa mutane jiƙonsa ne ya yi aiki, ni kuma na gaji da musu na bar masa.

Abin da na koya shi ne, wanda ya dawo daga yaƙi da ƙafafunsa ba lallai ne ya dawo lafiya ba, kuma kakin da ya sa bai mai da shi dutse ba. Kafin a yanke abin da ya shige shi, kafin a nemo kasko ko igiya, a zauna kusa da shi a tambaye shi abin da ya gani. Saura kaɗan mu ɗaure ɗan'uwanmu a gindin itace, alhali laifinsa kawai shi ne har yanzu yana ƙoƙarin ciro abokansa daga wuta.